Sha Biyar Ta Fi Goma

Daga Allah muke, kuma can muka nufa. Surukina ya riga mu isa. Mahaifin maigidana ke nan, tsohon da duk Bungudu ta sani da Malamin Sikeli, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana awon auduga da gyaɗa a kasuwannin kaka, daga nan har Gusau. Ya cika ranar Talata da hantsi, aka kai shi makwanci kafin la'asar.

An yi jama'a. Maza sun cika ƙofar gida har bakin kwalta, mu mata muna ciki, tabarma kan tabarma. Wasu baƙin ciki ya kawo su, wasu zumunci, wasu kuwa sun zo ne su tabbatar lalle ya tafi. Matar wani mai sayar da takin zamani ta zauna kusa da ni tana matsar hawayen da babu, alhali kowa ya san tun ranar da Baba ya ɗaga buhun mijinta a tsakiyar kasuwa ya ce an rage shi, mutumin bai ƙara gaishe shi ba.

Wata tsohuwa daga Furfuri, wadda ba sauran haƙori a bakinta, ita ta karɓe zance.

"Ku yara ba ku san mutumen ga ba," in ji ta. "Sa'ad da gwamnati ta ce a bar laba a koma kilo, manoma sunka rikice. Kayan da bara anka ce ɗari, bana a ce arba'in da biyat. Mazanmu sunka ɗauko sanduna, sun ce sata ta. Shi ya hau bisa buhu ya ce masu: laba in kana son ta koma kilo, raba biyu ka hidda zakka. Kilo in za ta koma laba, ninka biyu ka ƙara zakka. Ɗaya bisa goma, kamar ta hatsi. Kowa ya gane, har kurma. Daga ran nan ba wanda ya ƙara cutar mu ga sikeli."

"Allahu akbar," in ji mata. "Mutum mai gaskiya."

Da maza suka dawo daga maƙabarta, babbar 'yarsa, yayar maigidana, ta miƙe a tsakar gida ta gyara lulluɓi.

"Jama'a, Baba ya zamna da mutane, kuma bakinai kowa ya san shi. Duk wadda ya ɓata ma rai, don girman Allah ta yahe mai."

Gida ya amsa da murya ɗaya: "Mun yahe, duniya da lahira."

Ni ban amsa ba. Ta gani kuwa, don ni take kallo tun da ta fara magana.

"Ta-Tsahe," ta ce, don haka suke kirana a gidan, da sunan garinmu Tsafe. "Ban ji bakinki ba."

"Allah shi jiƙan shi," na ce.

"Ba ita na roƙe ki ba."

"Ita nika da ita yau, Yaya."

Wata a bayana ta raɗa wa 'yar'uwarta, da ƙarfin da zan ji, cewa boko in ta shiga kan mace da tsufa haka take yi. Yayar maigidana ta ce ta ba ni zuwa ranar addu'ar uku, in je in yi shawara da zuciyata, in zo in sauke wa mamaci nauyi a gaban mutanen da na kunyata shi.

To, ga dalilina. Ba na son a manta da wannan tsoho. Ba na kuma son a tuna da rabinsa kawai.

Baba bai yarda da abin da bai ɗaga ba. Kome ya shigo gidansa sai ya ɗaga shi: damin gero, kabewa, ragon layya, jariri ranar suna. Zai rufe ido ɗaya, ya ɗan jijjiga hannu, ya faɗi nauyi. Ba ya kuskure. Ya yi shekaru yana aiki da kilo bayan an canza awo, amma a gidansa laba ce ke mulki, kilo kuwa awon 'yan takarda. Da kamfani ya zubar da tsofaffin sikeli, ya ɗauko ƙarami guda na rataya, mai fuskar tagulla da ƙugiya. Yana goge shi da toka da lemun tsami, yana rataye shi a turaka sama da inda yake ajiye kai.

Mutane ma awonsu yake. Ranar da aka kawo ni gidan, na durƙusa gabansa kaina a ƙasa. Ya dube ni, ya juya wajen matarsa, Inna, uwar maigidana, Allah ya jiƙanta, ya ce, "Laba casa'in. Saniya munka nema, an ba mu 'yar akuya." Sunan ya bi ni shekaru. Wani attajiri ya taɓa wucewa ta ƙofar gida cikin babbar riga tana kwaramniya, Baba ya ce, "Wanga in an hidda nauyin riga, ba abin da za a rubuta." Ɗansa na cikinsa, maigidana, auduga yake kiransa: cika ɗaki, ba nauyi. Hatsin tuwo shi ke auna wa Inna kowace safiya, in ta ce bai isa ba ya ce cikinta ne ya ƙaru, kwano bai ragu ba.

Amma a faɗi gaskiya. Bai taɓa taka sikeli da ƙafa ba, bai taɓa karɓar goron dillali don ya rage wa manomi ba. An kai masa, ya watsar a gaban jama'a. Sahun farko bai wuce shi ba sai da ƙafa ta ƙi. Abin da ya fi ƙauna a duniya shi ne a ce gidan Malamin Sikeli ba a taɓa kwana da yunwa ba, kuma ba a taɓa ba.

'Yata ta fari mace ce. Wanda ya tashi a ƙasarmu ya san abin da wannan ke nufi. Uwa ba ta kiran sunan 'yar fari, ba ta yi mata wasa a gaban manya, ba ta nuna ta damu ko da zuciyarta na tafasa. Ta kakanni ce. Da aka yaye ta, ɗakin Inna ta koma. Baba yana kiranta amaryarsa, irin wasan kaka da jika, yana ce wa Inna ta tattara kayanta an yi mata ritaya. Yakan sayo mata tsire, ya tauna ya sa mata a baki. Ban ce bai so ta ba. Da bai so ta ba, da abin ya zo mini da sauƙi.

Ta kusa shekara biyu ƙyanda ta kama ta. Ƙyanda ta tafi, yarinya ba ta dawo ba. Ta daina tafiya, ta daina rarrafe, gashinta ya yi ja ya kwanta, fatar cinyarta ta saki kamar tsohon zane. Maigidana yana kudu ci-rani. Ni ina da ƙaramin ciki. Wata rana zan je awon ciki a ɗan asibitin gari, Inna ta ce in goya yarinyar ta sha iska. Malamar asibiti tana hango ta a bayana ta ajiye abin da take yi. Ta kwance ta, ta saka ta a wani ɗan wando mai igiya, ta rataya a sikeli.

"Bakwai ma ba ta cika ba," ta ce. "Yarinya kamar wannan ya kamata ta wuce goma. Tamowa ce. Yau ɗin nan ki kai ta Gusau a kwantar da ita, akwai abincin da ake ba su. Kada ki kwana."

Ko ta ce kilo, ban riƙe ba. A lokacin lamba lamba ce a wurina. Na taho gida da abu biyu a kai: bakwai da goma.

Ba ni da bakin gaya wa Baba. Na gaya wa Inna, kaina a ƙasa, kamar zancen 'yar maƙwabta nake. Inna ta shiga turaka. Daga inda nake durƙushe ina jin muryarsa.

"Ɗakin 'yan yunwa? Jikata? Rumbuna cike, a kwantar da ita tsakanin ɗiyan mabarata, duk wanda ya zo dubiya daga Bungudu shi gan ta? A ce Malamin Sikeli ya auna ma duniya ya kasa auna ma gidanai?"

Can sai ga shi ya fito da sikelinsa a hannu, fuska a sake. Ya rataya shi a reshen darbejiyar tsakar gida. Ya sa Inna ta ƙulla zane, aka saka yarinya, aka maƙala a ƙugiya. Ba ta yi kuka ba, ba ta da ƙarfinsa. Sai ya kira ni. Ban taɓa jin ya kira ni da murya mai taushi irin ta ranar ba.

"Zo nan, ɗiyata. Ba ki iya karatu ba, amma kin iya ƙirga, ko?"

"Na iya, Baba."

"To kada ki ce ni na hwaɗa maki. Aza yatsa nan, ki ƙirga zanen ga ɗaiɗai har inda allura ta tsaya."

Na aza yatsa a tagulla na ƙirga. Sha biyar.

"Nawa malamarku ta ce ya kamata ta kai?"

"Goma."

"Sha biyat ta hi goma ko ba ta hi ba?"

"Ta hi, Baba."

"To mi kika ma kuka? Sikelinsu na gwamnati na, ya gaji. Wanga tun Turawa bai taɓa ƙarya ba. Amaryata ta wuce awo da biyat. Rama ta ta ciwo, ta warware."

Ga abin da har yau ba ya barin ni in haɗiye tuwo in na tuna. Na durƙusa na yi masa godiya. Na koma ɗaki na yi dariya ni kaɗai. Ranar na yi daka ina waƙa.

Daga nan duk Juma'a da safe sai a rataye ta, ni ce mai ƙirga. Sha huɗu. Ya ce da sauran rata. Sha uku. Ya ce amarya na rage jiki don ta fi Inna kyau. Ya nemo rubutu, ya nemo saiwa, ya yanka mata kaza, ba ta iya haɗiyewa. Gusau kaɗai ce bai yarda ba, Gusau da ba ta da nisa, wadda mutanenmu ke zuwa cin kasuwa su dawo sallar azahar. Juma'ar da na ƙirga sha biyu, ba ta ga wata Juma'ar ba.

Ƙaramar gawa a hannu ake ɗauka. Shi ya ɗauke ta zuwa maƙabarta, da hannun nan da ba ya kuskure nauyin rago. Da ya dawo na ji yana ce wa masu gaisuwa, "Kwana ya ƙare. Yarinya da nauyinta, ku tambayi uwar, ita ka ƙirga."

Tun da ba yunwa ba ce, dole a samo abin da ya kashe ta. Gida ya samo. Aka ce ni ce na yi gaggawar ciki, ta sha gurɓataccen nono kafin yaye. Dangin miji suka ɗauka, matan unguwa suka ɗauka, ni ma na ɗauka. In an yi suna ana yi wa sabuwar uwa nasiha, sai a saci kallona. Baba yana ji, bai taɓa cewa uffan ba. Na haifi wasu, suka rayu, muka koma Gusau da maigidana ya samu tuƙi, na kama sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Gorin yana nan a wuyana kamar laya.

Sai da na aurar da 'ya na ga jika sannan na shiga makarantar manya ta mata. Da labari ya kai Bungudu, Baba ya ce, "An ce Ta-Tsahe ta sayi fensir. Allah shi sa ta gane bakin da aka rubutu da shi." Na gane kuwa.

A shekara ta biyu muka kai darasin awo. Malamarmu, yarinya ce sa'ar 'ya'yana, ta zo da sikelin da ake hawa, ta ce kowa ta hau ta karanta nauyinta da kanta. Fuskarsa tana da layi biyu na lambobi, baƙi a waje, ja a ciki. Na cire takalmi na hau, na duƙa, na karanta da ƙarfi don a san na iya.

"Ɗari da arba'in."

Aji ya fashe.

"Buhun taki uku ba kaɗan!" in ji wadda ke zama kusa da ni, mai sayar da waina. "Hajiya, wane ɗan kabu-kabu ka ɗaukar ki? A gaishe shi!"

"Shi ya sa motar mijinta kullum ba iska," in ji wata.

Ni ma ina dariya. Malama ta share hawayen dariya ta ce, "A'a, Hajiya, layin laba kika karanta, awon da. Namu kilo ne, ga shi a ciki da ja. Sittin da uku ne da 'yan kai. Laba ƙarama ce, sai an haɗa biyu da ɗoriya kafin a samu kilo guda. Nauyi ɗaya ne, lambar ce ke bambanta."

Na daina dariya. Na sha jin Baba yana cewa raba biyu ka fid da zakka, na ɗauka wa'azi yake wa manoma.

"Malama," na ce, "a asibiti da wane layi aka awon yara?"

"Kilo mana."

"Sha biyat ta waje, nawa ta a ciki?"

Ta duƙa ta bi da yatsa. "Ta kusa bakwai."

"Goma ta ciki hwa?"

"Ashirin da biyu."

Na zauna a kan siminti. Suka yi ta yi mini fifita da mayafi, suna cewa hawan jini ne. Sikelin asibiti bai gaji ba. Shi da na Baba magana ɗaya suka faɗa, kowa da yarensa, kuma a duk Bungudu mutum ɗaya ne ya fi kowa jin yarukan biyu.

Ban koma gida ba, tasha na nufa. A Bungudu na tarar da Baba ya shigo daga masallaci yana zaune a ƙofar turaka. A karo na farko tun da aka kawo ni gidan, ban cire takalmi ba, ban durƙusa ba.

"Baba, sha biyat in an raba biyu an hidda zakka, nawa ta?"

Ya san zancen, bai tambayi sha biyar ɗin mece ce ba.

"Karatun da kinka yi ke nan? Tonon kabari?"

"Ka sani ko ba ka sani ba?"

"Yarinya kwananta ya ƙare. Ko tan guda ta kai, sai ta tahi ranar da anka rubuta. Ko ke musun ƙaddara anka koya maki can?"

"Na yarda da ƙaddara. Yatsana ka kama ka aza bisa sikeli. Ka sani ko ba ka sani ba?"

Ya rufe ido ɗaya, ya dube ni daga kai zuwa takalmin da ban cire ba.

"Laba ɗari da arba'in," ya ce, "ko oza guda ta kunya babu ciki. Hita mani gida."

Na fita. Da na gaya wa maigidana, ya murza hula a hannu ya ce, "Ubana na. Mi kika son in yi, in kai shi gaban alƙali?" Bai ƙara tayar da zancen ba. Auduga ce, ubansa bai yi ƙarya ba.

Na ci gaba da zuwa gaisuwar salla, a tsaye. Yana amsawa, yana kallon bango. Da a nan abin ya tsaya, da na ƙi shi da zuciya ɗaya na huta. Amma bai bar ni na huta ba.

Shekarar da 'yan bindiga suka tashi ƙauyukan bayan Tsafe, mahaifiyata ta gudo da jikoki da wata ƙanwarta makauniya, ba takalmi ba mayafi. Mu a Gusau ɗaki biyu muke haya, ba inda za a sa ƙafa. Ban roƙi Baba ba, kuma da na mutu da in roƙe shi. Shi ya ji labari ya aiko da mota. Ya ba su ɗakin marigayiya Inna, ya buɗe rumbu ya ce wa mahaifiyata ta ɗiba da hannunta. Mutumin da ya auna wa matarsa hatsi har ta mutu, bai auna wa uwata ko sau ɗaya ba. Sun yi damina biyu a gidansa. Da na je yi masa godiya, don dole in yi, ya ce, "Ba don ke ba. Baƙo bai kwana da yunwa gidan ga." Ban sani ba ko biyan wani abu yake, ko kuwa girman kan nan ne dai da ya hana a kai yarinya Gusau shi ya ciyar da uwata. Ina jin ɗaya ne. Itace guda ne ya ba ni inuwa, shi ya faɗo mini a ka.

Da ciwon ajali ya kwantar da shi, ya sa aka tara mu. Bayan la'asar ne, 'ya'ya da surukai mun cika turaka. Ya rame har ana ƙirga ƙasusuwan hannunsa. Yana kiran kowa ɗaya bayan ɗaya yana neman gafara, ana amsawa da kuka. Ni ce ta ƙarshe.

"Ta-Tsahe."

"Na'am, Baba."

"Ki yahe mani."

Ranar na durƙusa, don in kai kunne kusa da bakinsa.

"Tambayata na nan, Baba. Ran da ka rataye ta ga darbejiya, ka sani?"

Maigidana ya ja mini mayafi ta baya. Yayarsa ta ce subhanallahi, mutum yana gargara. Baba ya motsa yatsa, suka yi shiru. Ya juyo da ido ya dube ni sosai, abin da ya yi shekaru bai yi ba.

"Awo," ya ce. Haka muke cewa e a nan. Ya ja numfashi. "Bakwai saura kwata."

"Lokaci yaka tambaya," in ji yayar maigidana, ta duba agogo. "A'a Baba, yanzu anka yi la'asar, magariba da saura."

Ba lokaci yake tambaya ba. Rabin sha biyar, bakwai da rabi. Fid da zakka, saura shida da kashi uku cikin huɗu. Bakwai saura kwata. Bai tsaya lissafi ba, mai gargara ba ya lissafi. A shirye take a bakinsa. Tun ranar ya buga ta, kafin ya kira ni 'yarsa, kafin ya ce in aza yatsa, ya ajiye ta a ransa duk waɗannan shekaru.

Yana jiran amsata. Tari ya sarƙe shi, aka fitar da mu mata. Bai ƙara magana ba har ya cika.

Ranar addu'ar uku aka raba gumba da waina, malamai suka shafa a ƙofar gida. Mata ba su watse ba, kowa ta san akwai sauran kallo. Mahaifiyata ta zo daga Tsafe duk da tsufa da tsoron hanya. Ta zauna kusa da ni ta mintsine ni a cinya, ta ce a hankali, "Na ci hatsin mutumen ga. Kada ki ba ni kunya."

Yayar maigidana ta miƙe.

"To, Ta-Tsahe, mun saurare ki."

Na tashi tsaye.

"Yaya, sunan akuya da ya sa mani, na yahe. Korar da ya yi mani, na yahe. Gorin da na sha ga bakinku, da anka ce nonona ya kashe ɗiyata, yana ji ya san ƙarya ta bai ce kome ba, na yahe mai, ku ma na yahe maku ko ba ku roƙa ba. Ya ci da uwata sa'ad da ba ta da kowa. Duk abin da ke nawa na sauke mai, duniya da lahira."

"Alhamdu lillahi," in ji mata, wasu har sun fara ɗaga hannu.

"Ban ƙare ba. Akwai na yarinya. Ita anka rataya, ita ta kwana da ciwo ga Gusau kusa. Wanga ba nawa ba na, ba ni kyauta da kayan wani. Ya riga ni isa inda take. Shi roƙe ta da bakinai."

Yayar maigidana ta juya wajen wata malama da ke cikinmu don ta tsawata mini. Malamar ta sunkuyar da kai tana jan carbi, ta ce haƙƙi dai na mai shi ne. Mahaifiyata ta saki cinyata.

Allah ya jiƙan surukina, ya haskaka makwancinsa, ya saka masa da hatsin da bai auna ba. Ya Ubangiji ka auna shi da rahama, kada ka auna shi da adalci. Da zuciya ɗaya nake wannan roƙo, don na san inda allura za ta tsaya.